Horon yaƙi da wariyar launin fata a wurin aiki: me dokar Birtaniya ta ce?

A Birtaniya da wuya mutum ya kama aiki a asibiti ko banki ko babban kamfani ba tare da an zaunar da shi gaban kwamfuta ya yi darasi kan daidaito da guje wa wariya ba. Da yawa suna ɗauka doka ce ta wajabta wannan darasi. A gaskiya Dokar Daidaito ta 2010, wadda ke aiki a Ingila da Wels da Sikotilan, ba ta umarci kamfani ya shirya horo ba. Rataya laifin ma'aikaci ta yi a wuyan wanda ya ɗauke shi aiki, shi ya sa kamfanoni ke rige-rigen shirya horon da kansu.

Dokar ta hana nuna wariya a kan abubuwa tara, ciki har da addini da jinsi da shekaru da nakasa. Idan ta zo kan launin fata, sashe na 9 ya faɗaɗa shi har ya haɗa da ƙabilar mutum da asalinsa da ƙasar da yake ɗan cikinta. Sashe na 109 kuma ya ce duk abin da ma'aikaci ya yi a bakin aiki, kamar kamfanin ne ya yi, ko da shugabanni ba su sani ba, ko da ba su yarda ba. Mafita ɗaya ce: kamfanin ya nuna wa kotu cewa ya ɗauki dukkan matakan da suka dace don hana faruwar abin. A nan ne ake jawo takardar shaidar horo.

To amma takardar kaɗai ba ta isa ba, kuma wata shari'a da kotun ɗaukaka ƙara ta harkokin ma'aikata ta yanke a 2021 ta fito da hakan fili. Wani ma'aikaci ɗan asalin Indiya ya sha baƙar magana daga abokin aikinsa, har da ce masa ya je ya yi tsaron ƙaramin shago, ga kuma habaici kan launin fatarsa. Da aka bincika, mai maganar ya ce ai raha ce kawai. Kamfanin ya kare kansa da cewa ya horar da ma'aikatansa tun 2015. Kotu ta ce horon ya riga ya dusashe a zukatan mutane. Hujjarta mai sauƙi ce: wanda aka horar ya ci gaba da ɗaukar cin mutunci a matsayin wasa, manajojin da labari ya kai kunnensu kuma ba su kai shi gaba ba. Abin da ya ƙara kayar da kamfanin, bayan asiri ya tonu sai ya sake tura mai maganar horo, wato shi kansa ya yarda akwai matakin da ya rage bai ɗauka ba tun farko.

A ganina darasin manajojin nan ya fi na mai baƙar maganar muhimmanci. Horon da bai koya wa shugaban sashe abin da zai yi a ranar da aka kawo masa koke ba, asarar lokaci ne.

Shi ma ma'aikaci kada ya sake ya ɓuya bayan kamfani, domin sashe na 110 ya ba da damar a haɗa sunansa a cikin ƙara. Cewa "ban yi da nufi ba" ba ya wanke mutum: sashe na 26 yana duba tasirin maganar a kan wanda aka yi wa, sannan a auna ko mai hankali zai ga dacewar ya ji hakan. Wanda ya kai koke, ko ya tsaya wa wani shaida, sashe na 27 ya hana a huce haushi a kansa.

Mai son kai ƙara kotun ma'aikata sai ya fara sanar da hukumar sasanci ta Acas. Diyyar wariya ba ta da iyakar da doka ta yanke, amma wa'adin shigar da ƙara gajere ne, watanni kaɗan daga ranar da abin ya faru, kuma jiran kamfani ya gama bincikensa na cikin gida ba ya tsayar da ƙirgen.