Wane buji ya kamata in sa wa ƙaramar motata mai gudu?

Tunda samarin Damagaram suka fara shigo da su Golf GTI da Polo GTI da Peugeot 206 irin mai zafin nan, kusan kullum sai wani ya tare ni a garaji da maganar buji, wanda 'yan uwanmu na Kano ke ce wa fulogi. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, na tattara su wuri guda saboda bakina ya gaji.

Maigida, in na sa buji mai tsada mota za ta ƙara gudu?

A'a ƙanena. Buji aikinsa ɗaya, ya kunna wuta cikin silinda a daidai lokacin da ake so. In wanda ke ciki lafiyarsa lau, sabo ba zai ƙara maka doki ko guda ba. Abin da ke ruɗar mutane, sun daɗe suna yawo da tsohon buji da ya cinye, mota na kakkarwa a ralanti (wato tana tsaye inji na aiki), to ranar da aka sa sabo sai su ji ta kamar jirgi su ce ai don sun sa mai tsadar nan na iridium ne. Ƙarfinta na da ne ya dawo, shi kenan.

To mene ne bambancin na nikel da na platine da iridium?

Ƙarfen da aka yi bakin da wuta ke fita da shi ne ya bambanta. Nikel yana narkewa a wajen digiri 1455, platine 1768, iridium kuma sai ya haura 2400, shi ya sa ake iya sirantar da bakin iridium kamar allura, na kamfanin NGK milimita 0.6, na kamfanin Denso har 0.4. Siririn baki yana fid da wuta ba tare da ya wahalar da bobin (abin da ke tura wa buji wuta) ba, kuma ba ya saurin cinyewa. Na nikel arha ne kuma yana aiki sosai, amma a kilomita dubu 20 zuwa 30 ka fara tunanin canji. Motar da kamfani ya fito da ita da platine ko iridium, musamman mai turbo, kar ka mayar da ita nikel don kana jin tsada, kuɗin da ka ɓoye bobin zai cinye shi.

Ana cewa akwai buji mai zafi da mai sanyi, tunda garinmu akwai rana sai in sa mai sanyi ko?

Nan ne mutane suka fi faɗawa rami, kuma har wasu makanikai. Wannan zafi da sanyin ba ruwansa da ranar watan Afrilu, magana ce ta yadda bujin ke saurin kai zafin bakinsa cikin kilas, wato kan injin da ake ɗaura shi a ciki. Bakin yana so ya kai wajen digiri 450 zuwa 500 kafin ya riƙa ƙone baƙin hayaƙin da ke manne masa, in kuma ya wuce 800 da wani abu sai ya zama garwashi, ya kunna esansi tun kafin lokaci, wannan kuma shi ke huda fistan. Mai sanyi da yawa ba ya kai zafin wanke kansa, in yawonka daga Birni zuwa kasuwar Dole ne ka dawo, cikin 'yan makonni za ka same shi baƙi ƙirin mota na tari. Mai zafi da yawa kuma ranar da ka kama hanyar Maradi ka take ta, ranar za ka san ka yi ɓarna.

Kuma a lura da lamba, don tana yaudara. A NGK da Denso lamba in ta hau sanyi ne ya ƙaru, NGK 7 ya fi 6 sanyi, kuma 7 ɗin ya yi daidai da 22 na Denso. A Bosch kuwa akasin haka ne, babbar lamba ita ce mai zafi. Na taɓa ganin yaro ya ɗauki Bosch 8 yana murna wai ya samu mai sanyi.

Yaushe kenan ake sauka zuwa mai sanyi?

Sai in an taɓa kwamfutar motar an ƙara wa turbo ƙarfi. Ƙa'idar da aka saba, mataki ɗaya a duk ƙarin doki 75 zuwa 100. Golf 5 GTI doki 200 ta fito da shi, in ba a taɓa ta ba bar ta a kan lambar da kamfani ya rubuta.

In zaren ya shiga ramin ai shi kenan ko?

Ina fa. Akwai zare mai kaurin milimita 14 akwai 12, tsawo kuma akwai milimita 19 akwai 26.5. Dogo a ramin gajere zai iya gaisawa da fistan, gajere a ramin dogo wutar na can ɓoye. Nemi lambar a littafin motar ko a bincika da lambar shasi, kar ka dogara da wanda ka ciro don ba ka san wa ya sa shi ba kafin motar ta iso hannunka. In NGK ne ko Bosch ka tabbata kuma akwai harafin R a lambarsa, shi ne mai hana wutar buji damun kwamfuta da rediyo.

Tazarar baki fa?

Wato ɗan gibin da wuta ke tsallakewa a bakin buji. Masu turbo sun fi son ƙaramar tazara, wajen milimita 0.7 zuwa 0.8, marasa turbo da yawa suna kai 1.0 ko 1.1. In ta buɗe da yawa za ka ji mota na yankewa daidai lokacin da turbo ya cika. Amma don Allah kar a ƙwanƙwasa iridium a kan dutse yadda ake yi wa bujin babur, bakin karyewa yake.

Yaya zan gane na jabu?

Wallahi wannan ya fi komai damuna, don kwalin jabu yanzu har ya fi na gaske sheƙi. Duba rubutun jikin farin tangaran, in yana gogewa da farce ajiye shi. Wanshar nan ta gindin zare a na gaske ba ta zarewa da sauƙi, zaren kuma sumul yake ba kaushi. Jera guda huɗun a tafin hannu ka ga ko bakinsu iri ɗaya ne. In an ce maka iridium ne amma kuɗinsa kuɗin na nikel, ka san amsar.

Ni zan iya ɗaurawa da kaina?

Za ka iya, amma bari inji ya huce tukuna don kilas ɗin alminiyom ne, kuma ka hure ramin kafin ka kwance, ƙurar hunturu da ke taruwa a wurin in ta zuba cikin silinda yashi ne ka ba injinka. Fara murzawa da hannu, sai ya zauna sannan ka sa kile mai auna ƙarfin ɗauri, mai zare 14 yawanci 25 zuwa 30 Nm ne a ma'aunin kilen, kuma kar a shafa masa giris. Wanda ka ciro ka dube shi kafin ka jefar. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya kenan, baƙi busasshe duba filtar iska, mai jiƙe da baƙin mai kuwa maganar segman ce, wato zoben fistan, ko wani wurin da mai ke zuba, fari fat mai ƙuraje zafi ya yi yawa, sai ka tambayi kanka wane esansi kake sha, na gidan mai ko na kwalbar bakin hanya.