Tsibirin Sanibel lokacin hunturu kafin guguwar Ian: tambayoyi da amsoshi

Wai ina ne gandun namun dajin nan na Ding Darling da ake ta magana?

A jihar Florida ta Amurka yake, a tsibirin Sanibel kusa da garin Fort Myers, gada ce ke haɗa shi da sauran ƙasa. Shugaba Truman ne ya sa hannu aka keɓe wurin a 1945, daga baya a 1967 aka sa masa sunan Ding Darling, wani mai zanen barkwanci a jarida da ya tsaya tsayin daka don kar a sayar da filin ga masu gine-gine. Ya haura eka 6,000, ga bishiyoyi da yawa a cikinsa masu tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu duk a waje.

To me ya sa sai da hunturu?

Saboda tsuntsaye mana. Daga Disamba zuwa Maris tsuntsayen arewa kan gudo wa sanyi su sauka nan, shi kuma sanyin Florida ba wani sanyin kirki ba ne, riga mai dogon hannu ta ishe ka da safe, zuwa hantsi ka cire. Ga shi ba ruwan sama sosai, sauro da ƴan ƙananan ƙwarin nan masu cizo da ba a ko ganinsu sun yi sauƙi, da bazara kuwa wallahi sai su kore ka.

Me mutum zai gani in ya shiga?

Akwai hanya mai tsawon mil 4, a mota ko a keke ko a ƙafa, sai dai ranar Juma'a a rufe take don dabbobin su huta. Amma sirrin abin shi ne ka je lokacin da ruwan teku ya janye, laka ta fito fili, kifi ya taru a ƴan kududdufai, nan ne za ka ga fararen kwasa-kwasa sun jeru suna kora kifi gefe guda tare sannan su tsoma baki lokaci ɗaya, ga zalɓe iri-iri tsaye ko motsi babu, ga wani tsuntsu mai launin hoda da baki kamar cokali yana kaɗa bakin hagu da dama cikin ruwa. An ƙirga nau'in tsuntsaye sama da 245 a wurin. Kada ma na nan yana shan hantsi a bakin hanya, wani lokacin har ayu, ɗan'uwan wanda muke da shi a Neja da Binuwai. Wanda ya je ruwa a cike ya wuce a guje zai ce ba komai a wurin, laifinsa ne.

Me guguwar ta yi wa wurin?

Ranar 28 ga Satumba 2022 Ian ta faɗo a tsibirin Cayo Costa, nan kusa, da iska mai gudun mil 150 a awa. Gadar Sanibel ta karye a wurare da dama, sai 19 ga Oktoba mazauna suka iya komawa ta mota. Hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta 1884 ta rasa ƙafa ɗaya, gidajen gefenta kuma ruwa ya tafi da su. Abin da ya fi damuna ni shi ne ruwan teku da ya haura tsibirin ya cika tafkunan ruwan daɗi da gishiri, bishiyoyi suka bushe a tsaye, kunkuru da kifayen ruwan daɗi suka sha wuya, irin wannan ɓarnar ba ta gyaruwa da siminti.

Yanzu fa, a je ko a haƙura?

A je. An sake buɗe hanyar cikin gandun a Afrilu 2023, tsuntsaye kuma suna zuwa. Ka dai duba jadawalin janyewar ruwa kafin ka fita, ka riƙe madubin hangen nesa, kuma don Allah kar ka jefa wa kada abinci, haramun ne a dokar Florida.