Waiwaye: Katsewar gajimare da darasin 2016 da aka tsallake

Tun bayan katsewar gajimare, wato rumbunan kwamfutocin da ake haya ta intanet, ta ranar 20 ga Oktoban 2025, wadda ta tsayar da Snapchat da Signal da Roblox da manhajojin wasu bankunan Birtaniya, muhawara ba ta lafa ba. Kwana tara bayan nan aka sake samun wata, ranar 18 ga Nuwamba kuma wata ta biyo baya, kowacce daga kamfani daban. Masu cewa kutse ne ake ɓoyewa suna nan. Masu cewa an rage injiniyoyi an bar wa na'ura aikin su ma suna nan. Wasu kuma kira suke yi kowace ƙasa ta gina nata rumbunan bayanai ta huta. Kusan dukansu magana suke yi kamar jiya-jiya abin ya faɗo, alhali ruwa ba ya tsami banza.

Farkon labarin sananne ne. A 2006 Amazon ya fara ba da hayar wurin ajiyar bayanai da ƙarfin kwamfuta ta intanet, Google ya shigo a 2008, Microsoft a 2010. Mai ƙaramin kamfani ya huta da sayen manyan kwamfutoci da neman ɗakin da zai sanyaya su, sai dai ya yi haya ya biya gwargwadon abin da ya yi amfani da shi. Katsewar shekarun farko ba ta da wuyar ganewa. A Afrilun 2011 wani gyaran hanyar sadarwa ya karkace a arewacin jihar Virginia ta Amurka, Reddit da Quora suka yi ta tangal-tangal. A Yunin 2012 guguwa ta ɗauke wuta a wannan yankin dai, Netflix da Instagram suka tafi da ita. Aka ce to, kada a tara komai a gini ɗaya, a rarraba, a gyara janareta. An kuwa yi. Yau da wuya ɗaukewar wuta a gini guda ta girgiza duniya.

Abin da aka tsallake ya faru ne ranar Juma'a 21 ga Oktoban 2016. Wajen ƙarfe bakwai na safe agogon gabashin Amurka, mutane suka fara kasa buɗe Twitter da Spotify da Reddit da GitHub da PayPal. Bayan kamar awa biyu abin ya lafa, gab da tsakar rana ya dawo, wannan karon har yammacin Amurka da Turai. Injiniyoyin waɗannan shafuka suka duba kwamfutocinsu, suka tarar komai lafiya lau: akwai wuta, bayanai na nan, babu abin da ya ƙone. Shafukan suna nan daram, hanyar gano inda suke ce ta ɓace.

Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Duk lokacin da ka rubuta sunan shafi, wayarka sai ta fara tambayar wani tsari da ake kira DNS wace lamba ce ke ɗauke da wannan sunan, ta samu amsa cikin ƙiftawar ido, sannan ta nufi shafin. Paul Mockapetris ne ya tsara shi a 1983, bayan da tsohuwar dabarar ajiye sunayen kwamfutoci duka a fayil ɗaya ta gaza ɗaukar yawan masu shigowa. Wato tun asali an ƙirƙire shi ne don kada komai ya rataya a wuri guda. Takardun ƙa'idarsa na 1987 sun ce kowane yankin suna ya kasance da aƙalla kwamfutoci biyu masu amsa tambaya a kansa. Wata takardar ta 1997 ta ƙara da cewa a nisanta su da juna, kada su zauna gari ɗaya ko kan layi ɗaya.

Zuwa 2016, manyan shafuka da dama sun miƙa wannan aikin ga ƙwararru, kuma ba wauta ba ce. Kamfanin Dyn da ke jihar New Hampshire yana da kwamfutoci warwatse a sassan duniya, yana amsawa da sauri fiye da yadda kowane shafi zai iya yi wa kansa. A takarda an cika ƙa'ida, kwamfutoci ba biyu ba, masu yawa. Sai dai duk ƙarƙashin kamfani ɗaya suke. Shi aka kai wa hari ran nan.

Makamin da aka yi amfani da shi wata muguwar manhaja ce mai suna Mirai. Yawo take yi a intanet tana neman kyamarorin tsaro da na'urorin naɗar bidiyo da na rarraba intanet waɗanda masu su ba su taɓa canja kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta ba. Tana da jerin kalmomi kusan 60, irin su admin da 12345, ta gwada ɗaya bayan ɗaya, wadda ta buɗe ta zama baiwarta. A ƙarshen Satumban shekarar aka saki lambobin manhajar a fili, kowa ya iya ɗauka. Sai aka sa dubban na'urorin nan suka yi ta aika tambayoyin banza har masu tambayar gaske suka rasa wurin shiga.

Akwai wani abu a bayanin da Dyn ya fitar daga baya wanda ya kamata a ce ya fi ɗaukar hankali. Da farko an ce adiresoshi miliyoyi ne suka kai harin. Da aka natsu aka lissafa, sai aka ga na'urorin da aka kame ba su wuce kamar 100,000 ba. Sauran fa? Masu tambayar gaske ne. Kwamfutar da ta yi tambaya ba ta samu amsa ba sai ta sake, ta kuma sakewa, kowacce a duniya haka take yi, har cunkoson ya ninka na kullum sau 10 zuwa 20. Mahara sun kunna wutar, amma tsarin da kansa ya riƙa hura ta.

Kyamarorin ne suka cinye labarin. Jaridu suka cika da gargaɗin cewa kayan gidanka na iya zama sojan haya, 'yan majalisa suka ɗauka daga nan. Kalifoniya ta yi doka a 2018 da ta hana sayar da na'urori masu kalmar sirri iri ɗaya, Birtaniya ta fara aiki da irinta a Afrilun 2024. Madalla da hakan. Amma ɗaya tambayar, ta yaya aka yi shafukan da ba su haɗa komai ba suka faɗi a minti guda, ta tsaya a taron injiniyoyi. Masu bincike a Jami'ar Carnegie Mellon sun koma kanta a 2020, suka auna shafuka 100,000 da aka fi ziyarta. Kashi 89 cikin 100 sun dogara kacokan ga wani kamfani na waje a ɗaya daga cikin ayyuka uku: DNS, ko rarraba abin da shafi ke ɗauke da shi, ko takardar shaidar tsaro. Da suka kwatanta da 2016, sai suka ga dogaron bai ragu ba, a wasu wuraren ma ya ɗan ƙaru. Sun kuma nuna dogaron da ba a gani, inda wanda ka dogara da shi ya dogara da wani, shi ma wancan da wani.

Manyan katsewar da suka biyo baya ba su ma buƙaci mahara ba. A Fabrairun 2017 kuskuren buga umarni ɗaya ya tsayar da wani babban rumbun ajiya na kusan awa huɗu, har shafin da ke sanar da abokan hulɗa halin da ake ciki ya kasa nuna cewa akwai matsala, don shi ma a kan rumbun ya dogara. A Yunin 2021 wani abokin hulɗa ya canja saitinsa, canji halastacce, ya taɓo wani ɓoyayyen lahani, shafukan BBC da New York Times da na gwamnatin Birtaniya suka ɗauke tare. A Yulin 2024 sabuntawar manhajar tsaro guda ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi. Ta Nuwamban 2025 kuwa wani fayil ne ya ninka girmansa, aka aika shi ko'ina kafin a ankara.

Ta 20 ga Oktoban 2025 ta zo ne saura kwana ɗaya harin 2016 ya cika shekara tara, kuma DNS ɗin ne dai. Manhajoji biyu masu aiki da kansu ke sabunta adireshin wani rumbun bayanai da ke Virginia. Ɗaya ta yi jinkiri, ta zo ta ɗora tsohon tsari a kan sabo. Ɗayar da ta riga ta gama nata ta shiga share tsofaffi, ta share wanda aka ɗora yanzun nan. Adireshin ya zama fanko. An gyara shi cikin kusan awa uku, amma sai da aka kwashe wajen awa 15 kafin komai ya daidaita, saboda duk abin da ya tsaya ya taso lokaci guda yana neman a saurare shi. Har gadaje masu aiki da intanet sai da suka maƙale a ɗage, masu su suka kwana suna jiran wata kwamfuta a Virginia ta ba su izinin miƙewa.

Mai tambaya zai ce, tunda an san maganin, me ya hana a sha? Ajiye kamfanoni biyu a aiki ɗaya kuɗi ne biyu, ga wahalar daidaita bayanansu kullum, ga ma'aikatan da suka iya duka biyun. Kowane kamfani kuma yana da nasa salon da ba ya shiga na wani, wanda ya gina a kansa fita sai da rushe-rushe. Mai lissafin riba ya duba ya ga katsewar awa biyar a shekara ta fi arha. A wajensa shi kaɗai lissafin daidai ne. Idan dubban kamfanoni suka yi wannan lissafin suka isa ga amsa ɗaya, sai a wayi gari kamfanoni uku na riƙe da sama da kashi 60 cikin 100 na kasuwar gajimare, awa biyar ɗin kuma ta faɗa wa asibiti da banki da filin jirgi a tare. Rumbun da kowace ƙasa za ta gina wa kanta ba zai warware wannan ba muddin yana tambayar adireshi ko shaidar tsaro daga inda kowa ke tambaya.

Tarayyar Turai ta fara taɓa wurin da dokar DORA, wadda ta soma aiki ranar 17 ga Janairun 2025. Ta wajabta wa bankuna da kamfanonin inshora su rubuta rajistar duk masu yi musu aikin fasahar sadarwa, har da waɗanda su ma suke ba wa ƙaramar kwangila a muhimman ayyuka, su kuma tanadi hanyar fita idan ɗaya ya faɗi. Dokar ta tsaya ne kan harkar kuɗi, a Turai kawai.