Ma'anar "Natural Recovery": Barin Shaye-shaye Ba Tare da Shiga Cibiyar Gyaran Hali Ba

Duk lokacin da wani fitaccen mawaƙi ko ɗan fim a Amurka ya fito ya ce ya rabu da giya ko ƙwaya ba tare da an kwantar da shi a wata cibiya ba, akwai sunan da masana ke bai wa irin wannan al'amari, wato "natural recovery". A Hausa ana iya cewa warkewa a ƙashin kai. Abin da ake nufi shi ne mutum ya kamu da giya ko ƙwaya kamu na gaske, har ta soma ɓata masa aiki da iyali da lafiya, sannan ya bari ya kuma ɗore a kan barin, alhali bai shiga hannun likitan masu shaye-shaye ba, bai kuma zauna a taron ƙungiyoyin taimakon juna ba.

Kafin a fahimci kalmar sai an san hanyar da aka saba bi a can. Idan Ba'amurke ya ce hanyar gargajiya ta barin shaye-shaye, ba saiwa ko jiƙo yake nufi ba. Yana nufin tsarin ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda Bill Wilson da Dokta Bob Smith suka kafa a garin Akron na jihar Ohayo a 1935, mai matakai 12 da ke farawa da mutum ya amsa da bakinsa cewa giya ta fi ƙarfinsa, sai kuma cibiyoyin gyaran hali da suka ɗauki wannan tsari, inda aka saba kwantar da mutum kwana 28. Tsarin ya kafu a ƙasar har mutane da yawa suka ɗauka cewa duk wanda bai bi ta nan ba, ko dai bai taɓa kamuwa da gaske ba, ko kuma yana gab da komawa ruwa.

Labarin da ya fi fito da ma'anar kalmar fili shi ne na Miles Davis, shahararren mai busa kakaki a kiɗan jaz. Muguwar ƙwayar nan heroyin ta kama shi tun wajen 1949, ta kai shi ga jinginar da kayan busarsa da neman rance a wurin abokai, har masu gidajen kiɗa suka soma gudun ɗaukarsa aiki. A ƙarshen 1953 ya koma gonar mahaifinsa da ke kusa da Millstadt a jihar Ilinoi, ya shiga ɗakin baƙi ya kulle kansa, ya yi kusan mako guda yana fama da gumi da ciwon gaɓoɓi da amai, irin azabar da jiki ke sha idan aka yanke masa abin da ya saba da shi farat ɗaya. Yawancin masu ba da labarin nan suke tsayawa, domin nan ne jarumtar take. Amma Davis bai koma Niyok kai tsaye ba. Ya tafi Ditiroyit ya zauna wasu watanni, kuma a cewarsa da kansa ya zaɓi garin ne saboda ƙwayar da ake sayarwa a can ba ta da ƙarfi, ko da ya yi tuntuɓe ba zai nutse ba. Sai a farkon 1954 ya koma Niyok, ya kama zuwa wurin motsa jikin 'yan dambe, yana koyi da tsarin rayuwar zakaran dambe Sugar Ray Robinson.

John Coltrane, wani mai busa a kiɗan jaz, shi ma haka ya yi a 1957, bayan Davis ɗin da kansa ya sallame shi daga ƙungiyar kiɗansa saboda heroyin da giya. Ya koma gida a Filadelfiya, matarsa Naima da mahaifiyarsa suna kula da shi har ya wuce kwanakin wahala, kuma daga baya ya rubuta cewa a shekarar ce ya sami farkawa ta ruhi.

Bincike ya daɗe da nuna cewa wannan ba baiwar mashahurai ba ce. A 1962 wani masani, Charles Winick, ya duba bayanan hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka, ya lura cewa da yawa daga masu ta'ammali da heroyin suna ɓacewa daga rajistar a shekarunsu na talatin, ya ce girma ne ke raba su da ita. Binciken da ya fi girgiza masana kuwa shi ne na Lee Robins a kan sojojin Amurka da suka dawo daga yaƙin Biyetnam a 1971. Kusan ɗaya cikin biyar sun kamu da heroyin a fagen daga, gwamnati kuma ta tsorata cewa annoba ce za ta biyo su gida, sai ga shi kimanin kashi 5 cikin ɗari na waɗanda suka kamu ne kawai suka sake kamuwa a shekarar farko, kimanin kashi 12 kuma cikin shekara uku. A 2017 wani bincike da John Kelly na Jami'ar Harvard ya jagoranta ya gano cewa kusan rabin Amurkawan da suka ce sun shawo kan matsalar giya ko ƙwaya sun yi hakan ne ba tare da magani ko ƙungiya ba.

A ganina kuskuren da aka fi yi wa kalmar shi ne fassara ta da ƙarfin zuciya kawai. Sojojin Robins sun bar dajin yaƙi da arhar ƙwaya da abokan sha, suka dawo wurin iyali da aiki. Davis ɗan likitan haƙori ne mai gona da ɗakin baƙi, yana kuma da sana'ar da ke jiransa. Masana biyu, Robert Granfield da William Cloud, sun kira wannan jarin warkewa a 1999: dukiya, da dangi masu tsayawa da mutum, da aikin da zai tashi dominsa da safe, da abin da ya yi imani da shi. Wanda ke da wannan jari yana iya bari ba tare da cibiya ba, domin gidansa ya riga ya yi masa aikin cibiyar. Wanda ke kwana a unguwar da dillalin ƙwaya ke bakin ƙofa, ba aiki ba mai tallafi, labarin mai gona ba zai yi masa jagora ba.

Misalan ba su tsaya a mawaƙa ba. Tsohon shugaban Amurka George W. Bush ya bar giya a 1986 bayan cikarsa shekara 40, yana danganta hakan ga addini da matarsa Laura, ɗan fim Tom Holland kuma ya fara da ƙaurace wa giya na watan Janairun 2022 kawai, da ya ga yadda watan ya yi masa wuya sai ya gane akwai matsala, ya zarce. Sai dai kada a haɗa wannan da abin da ake kira "California sober", wato mutum ya bar ƙwayoyi masu ƙarfi amma ya ci gaba da tabar wiwi ko ɗan giya. Mawaƙiya Demi Lovato ce ta yayata wannan a farkon 2021, kafin shekarar ta ƙare kuma ta janye ta ce ba ta goyon bayansa.

Akwai kuma ɓangaren da likitoci ke ja wa kunne a kai. Wanda jikinsa ya saba da giya mai yawa kullum, yanke ta farat ɗaya na iya jawo masa farfaɗiya da ruɗewar hankali, har da mutuwa, haka ma wasu magungunan barci da na kwantar da hankali. Yanke heroyin ba kasafai yake kisa ba, haɗarinsa yana zuwa ne daga baya, domin jiki yana rasa juriyar da ya tara, awon da mutum ya saba sha a da sai ya zama ajalinsa idan ya koma. Shi ya sa likitoci ke ba da magungunan metadon da bufurenofin masu rage ƙishirwar heroyin, waɗanda bincike ya nuna suna rage mace-macen masu wannan larura da kusan rabi. Mawaƙiya Amy Winehouse ta rasu a Landan a watan Yulin 2011 tana da shekara 27, kuma binciken kotu ya tabbatar giya ce ta kashe ta, bayan ta yi wani lokaci ba ta sha sannan ta koma. Waɗanda suka gwada a ƙashin kansu suka mutu ba sa zama a yi hira da su a talabijin, saboda haka labaran da ke isowa kunnenmu na waɗanda suka tsira ne.

Shi kansa Davis bai koma wa heroyin irin ta da ba, amma daga 1975 zuwa 1980 ya ajiye kakakinsa ya kulle kansa a gidansa na Niyok yana fama da hodar iblis da giya, kuma 'yar fim Cicely Tyson, wadda ya aura a 1981, tana cikin waɗanda suka taimaka ya fito.