Ma'anar Ɓoye a Wasan Kwaikwayon Binciken Laifi na Talabijin

Ma'anar ɓoye a wasan binciken laifi ita ce abin da shiri yake nufi amma bai furta ba, sai mai kallo ya tsinto shi daga kallon ido, shirun ɗan wasa, kayan ɗaki, kiɗa, ko inda kyamara ta daɗe. Ana iya kasa ta gida biyu. Akwai alamar da aka binne don warware kisan, wadda ƙarshen labari zai gaskata ko ya ƙaryata. Akwai kuma hannunka-mai-sanda game da dukiya, mulki, ko su kansu 'yan sanda, wanda babu wani kashi na ƙarshe da zai zo ya tabbatar da shi.

Asali

Tushen abin yana cikin littafi, tun kafin talabijin. Galibi ana danganta labarin bincike na zamani da Ba'amurke Edgar Allan Poe, wanda ya fito da mai bincike Dupin a 1841. Sherlock Holmes na Arthur Conan Doyle ya biyo baya a 1887. A wani labarinsa na 1892, an sace dokin tsere da dare, kare kuma bai yi haushi ba, sai Holmes ya gane cewa wanda ya shigo ba baƙo ba ne a wurin karen. Har yau da wannan ake buga misali idan ana so a nuna cewa rashin faruwar abu ma shaida ne.

A 1928 marubucin labaran bincike S. S. Van Dine ya wallafa dokoki 20 na rubuta irin wannan labari, a 1929 kuma Ronald Knox, wani limamin Katolika ɗan Ingila, ya kawo nasa guda 10. Duka biyun sun nace cewa duk shaidar da mai bincike ya gani, dole a nuna wa mai karatu ita. Wannan sharaɗi shi ya tilasta wa marubuta su koyi ɓoye abu a bainar jama'a: a faɗe shi, amma a daidai lokacin da hankali ya tafi wani wuri.

Ɗaya tushen daga dandalin wasan kwaikwayo na Rasha ya fito. Konstantin Stanislavski, ɗaya daga waɗanda suka kafa wani gidan wasa a Mosko a 1898, ya koyar da cewa ɗan wasa ya san abin da mutum yake so a zuci, ko da bakinsa yana faɗin wani abu dabam. Takunkumi ma ya taimaka. Dokar tace fina-finai ta Hollywood, wadda aka tsara a 1930 aka kuma fara tsananta ta a 1934, ta hana a nuna laifi ya ci riba, ta kuma hana bayyana wasu al'amuran jima'i, sai masu fim suka koma shaguɓe. Gidajen talabijin na Amurka sun yi nasu kundin a farkon shekarun 1950.

A talabijin

Dragnet, wanda ya tashi daga rediyo zuwa talabijin a 1951, an yi shi da haɗin kan 'yan sandan Los Angeles, kuma daga baya masu suka sun karanta shi a matsayin wanke sunan rundunar.

Columbo ne ya fi ba masu nazari abin tattaunawa. An fara shi da fim ɗin talabijin a 1968, ya zama jerin shiri a 1971, Peter Falk na fitowa a matsayin Columbo, jami'in 'yan sanda mai bincike. A yawancin kashi ana nuna makashin tun farko, don haka babu tambayar wa ya yi, sai ta yaya za a kama shi. Wannan ya mayar da duk nauyin kan hira. Jami'in zai shigo katafaren gida da yamutsattsiyar rigar ruwa da guntun sigari, bayan ya ajiye tsohuwar Peugeot ɗinsa a ƙofa. Zai yaba kayan ɗaki, ya kawo zancen matarsa wadda ba a taɓa nunawa ba, ya yi sallama, sai ya kai bakin ƙofa ya juyo da tambaya ɗaya. Kowa cikinsu ya san me ake ciki, ba wanda ya furta. Makasan kuwa kusan duk masu kuɗi ne ko masu suna, kuma raina shi da suke yi ne yake kayar da su. Shi ya sa da yawa suke ganin shirin magana yake yi kan talaka da mai hali, ko da yake bai taɓa tsayawa ya yi wa'azi a kai ba.

A Inspector Morse na Birtaniya, wanda ya gudana daga 1987 zuwa 2000, mai tsara kiɗa Barrington Pheloung ya saka sunan jarumin cikin kiɗan buɗewa da gajeru da dogayen sautuka irin na saƙon talgiram, waɗanda ke wakiltar harufa. Ya ce wani lokaci yakan saka sunan makashin, wani lokaci kuma na wanda bai ji ba bai gani ba, don ɓad da sawu.

Twin Peaks na David Lynch da Mark Frost, a 1990, shi ya mai da farautar alamu sana'ar masu kallo. Kisan wata ɗaliba, Laura Palmer, ya zo da harafi a ƙarƙashin farce, da mujiya, da mafarki a wani jan ɗaki inda aka naɗi magana a juye. Mutane suka riƙa naɗar shirin a kaset suna tsayar da hoto suna duba shi ɗaya bayan ɗaya. An bayyana makashin a zango na biyu bisa matsin gidan talabijin, masu kallo suka ragu, aka dakatar da shirin a 1991.

The Wire, daga 2002 zuwa 2008, ya yi amfani da binciken miyagun ƙwayoyi a Baltimore wajen tona yadda hukumomi ke gazawa.

Yadda ake tsinto ta

Masu kallo kan lura da wanda ya amsa tambayar da ba a yi masa ba, da abin da kyamara ta tsaya a kai ba gaira ba dalili, da fitaccen ɗan wasan da aka ba ƙaramin matsayi, don sau da yawa shi ne mai laifin. Marubuta sun san wannan dabara ta ƙarshe, kuma sukan ɗana tarko da ita.

Saɓani

Ba a daidaita kan ko niyyar marubuci ce ke yanke hukunci ba. Masu nazarin adabi Wimsatt da Beardsley a 1946, da Roland Barthes a 1967, sun ce a'a. Wasu na ganin yawan tono yana sa a ga abin da babu shi. A 2014 True Detective ya ari sunaye daga wani littafin Robert W. Chambers na 1895, masu kallo suka gina hasashe iri-iri a kai, amma ƙarshen zangon bai gaskata yawancinsu ba.