Sayen littafi ta waya: tambayoyin da ƙawaye suka dame ni da su

Ni fa ban san ma ta ina ake farawa ba, wane shago zan shiga?

Ki fara sanin wanne kike so tukun, na takarda da za ki riƙe a hannu ko wanda za ki karanta a cikin wayar, don hanyarsu ba ɗaya ba ce. In nobel ɗin Hausa ne to kasuwar da muka sani da can a Sabon Gari ta Kano, inda ake sayen na 1 a jira na 2 da na 3, yanzu rabinta ta koma WhatsApp da Telegram da manhajoji irin su ArewaBooks da Wattpad. A Wattpad yawanci kyauta ne. A WhatsApp kuwa marubuciya za ta saki shafuka na ɗanɗano, ki yi ta bi kina jin daɗi, daidai inda amarya ta gano sirrin uwargida sai ki ga an rubuta nan shafukan kyauta suka ƙare. To daga nan ciniki ya fara.

Ya ake biya?

Transfa, ta banki ko OPay ko Moniepoint, ki ɗauki hoton shaidar biya ki tura mata sai ta saka ki a grup ɗin waɗanda suka biya. Wasu har yanzu suna karɓar katin waya. 'Yan Nijar kuma galibi akwai lambar da ake ware musu su tura sefa ta Nita ko Amana, ki duba ƙasan shafin ƙarshe na kyauta, nan ake rubutawa.

Na Turanci fa, irin na Amazon?

Ba sai kin sayi na'urar Kindle ba, manhajar kyauta ce a Play Store. Sai dai sayen ba a cikinta ake yi ba, sai kin buɗe shafin Amazon a Chrome kin biya sannan littafin ya sauko cikin manhajar. Kuma da dala ne. A 2022 bankunanmu da yawa sun hana katin naira aiki a waje, a 2025 wasu suka sake buɗewa amma da iyaka, don haka ki tambayi bankinki kafin ki ɓata data. Akwai wajen sauke samfuri kyauta, ki karanta farkon littafin, wallahi ya sha cetar min kuɗi.

In na biya, littafin ya zama nawa kenan har abada?

Nan ne fa mutane ba sa lura. In fayil aka turo miki, PDF ko dokumen, yana cikin wayarki, naki ne muddin kin adana shi. Amma in a cikin manhaja kike karantawa to izinin karatu kawai kika saya, littafin yana hannunsu. Ki tuna manhajar OkadaBooks, tun 2013 suke, marubutan Hausa da yawa sun zuba littattafansu a can mutane suna saye, ƙarshen Nuwamba 2023 suka rufe, shi kenan shagon ya tafi da kantocinsa. Grup ɗin WhatsApp ma haka yake, ki canza waya ko layinki ya ɓata ba ki yi ajiya ba, shafi 70 da kika biya sun bi ruwa, sai ki koma kina roƙon admin ta sake turo miki tana ja miki rai. Ni yanzu duk fayil ɗin da na saya a ranar nake tura shi imel ɗina ko Google Drive, kuma in littafi ne da na san zan so 'ya'yana su karanta to gara in nemi na takarda ko ya fi tsada.

To na takardar ya ake yi ya zo gida?

Jumia da Konga suna da sashen littattafai, akwai kuma Rovingheights masu shago a Legas da Abuja, suna aikawa. Ki kalli kuɗin kawowa kafin ki danna biya, wani lokacin ya kusa kamo kuɗin littafin, shi ya sa muke haɗuwa mu uku ko huɗu mu yi oda ɗaya. Littattafan addini kuwa masu shaguna a kasuwar Kurmi ta Kano da yawa suna WhatsApp, a yi ciniki su kai tasha su ba direba su turo miki lambarsa. Ki ce a ɗauko miki hoton cikin littafin ba bango kaɗai ba, saboda bugun jabu bangonsa fes amma ciki rubutu ya dushe, wani ma shafuka sun tsallake. In na makaranta ne ki faɗi bugu na nawa kike so ko ki tura lambar ISBN da ke bayansa.

Ba a cutar mutum?

Ana yi mana. An taɓa yi min, wata ta sa sunan marubuciya a hotonta na tura kuɗi ta toshe ni. Lambar akaunt daga bakin marubuciyar za ki karɓa, wadda ke jikin littafin, kuma ki duba sunan da ya fito kafin ki sa fin.

Ƙawata ta ce in tura mata wanda na saya, laifi ne?

Anti ai kin san amsar, tunda kusan kowane shafi sai an rubuta ban yafe ba wa duk wadda ta fitar min da littafi. Matar nan da babban yatsa take buga shi a waya cikin dare bayan yara sun yi barci, ki tura wa mutum ɗaya gobe ya zaga grup goma. Doka ma ta hana, akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2022. In ƙawar taki ba ta da kuɗi ki biya mata nata, ki tura lambarta a saka ta a grup.