Ƙara wa firosesa gudu fiye da ƙa'idar kamfani

Ƙara wa firosesa gudu, abin da ake kira overclocking a Turance, shi ne a sa ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yi aiki da saurin da ya wuce wanda kamfani ya yanka mata. Ana auna saurin da yawan bugun agogon cikinta a daƙiƙa guda. A yawancin kwamfutocin tebur na yanzu agogon tushe 100 MHz ne, wato bugu miliyan 100 a daƙiƙa, ana ninka shi da wata lamba: ninki 36 ya ba da 3.6 GHz, in an ɗaga shi zuwa 45 a samu 4.5 GHz. Hakan na yiwuwa ne domin kamfani kan bar rata, kuma firosesa biyu masu suna ɗaya ba lalle su jure abu ɗaya ba.

Tarihi

Akan danganta farkon abin da IBM PC AT ta 1984, mai ɗauke da Intel 80286 a kan 6 MHz. Masu ita sun gano cewa in suka cire ƙaramin kiristal mai 12 MHz, wanda firosesa ke tafiya a kan rabin bugunsa, suka sa mai 16, injin zai koma 8 MHz. Ba a jima ba, wajen 1985, IBM ta gyara BIOS ɗinta, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta, don ya ƙi tashi in an yi haka.

A zamanin 486 da Pentium da hannu ake yi, ta hanyar sauya 'yan maɓallan roba a jikin madabod, wato babban faifan da ake dasa firosesa da sauran kayan kwamfuta a kai. Wannan sauƙin ya buɗe ƙofar ha'inci: wasu 'yan kasuwa kan goge lambar da ke jikin firosesa su buga mafi girma, su sayar da tsada. Yana cikin dalilan da suka sa Intel ta kulle lambar ninki a wajajen 1998.

Amma a 1998 ɗin ce aka fito da Celeron 300A, wadda har yau babu kamarta a tarihin wannan harka. Araha ce, ninkinta a kulle a 4.5, tana tafiya a kan agogon 66 MHz. Sai mutane suka mayar da agogon 100 MHz, galibi a kan madabod ɗin Abit BH6 da ke bari a yi saitin daga cikin BIOS, ta tashi daga 300 zuwa 450 MHz, tana gogayya da Pentium II mafi tsada a lokacin. A 2000 kuma masu Athlon da Duron na AMD suka riƙa ɗaukar fensir suna zana layi a kan 'yan gadojin wuta na jikin firosesa, masu suna L1, da kamfani ya yanke; baƙin fensirin na ɗaukar wuta, kullen ya buɗe.

Daga baya kamfanonin suka mai da abin haja. AMD ta kawo Black Edition a 2007, Intel ta kawo masu harafin K a 2010, galibi da ninki a buɗe. Core i5-2500K ta 2011, mai 3.3 GHz, ta saba kai wa 4.5 GHz da fanka kawai. Masu gasa, da ke zuba ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili ko ruwan hiliyam da ya fi shi sanyi, sun kai AMD FX-8150 zuwa 8.429 GHz a 2011, aka kuma haye 9 GHz da Core i9-13900K a ƙarshen 2022.

Zafi da wuta

Ƙarin gudu kan buƙaci ƙarin ƙarfin wuta, kuma nan haɗarin yake. Zafi na ƙaruwa daidai da gudu, amma in ƙarfin wuta ne aka ƙara, ninkin kansa yake yi: ƙarin kashi 10 cikin 100 na jawo kusan kashi 21 na zafi. Firosesa kan rage gudu da kanta in ta kusa digiri 95 zuwa 100, don haka ba kasafai take ƙonewa nan take ba. Wutar da ta yi yawa a hankali take cinye siraran hanyoyin cikinta, har saitin da ya zauna bara ya fara gardama bana. Zafin ɗaki ma na cikin lissafi: abin da ya zauna da hunturu a Kano ko Zinder na iya kasawa a watan Afrilu, balle in ƙura ta toshe ƙarfen sanyaya.

Yadda ake yi

A Intel sai firosesa mai K da madabod mai Z; yawancin Ryzen a buɗe suke zuwa. Ana ɗaga ninki mataki ɗaya, a gwada, a sake ɗagawa. In kwamfuta ta daskare ko ta nuna shuɗin allo, a ƙara wuta kaɗan, kamar 0.01 V, ko a koma baya. In ta ƙi tashi sam, a kashe ta, a cire batirin CR2032 na madabod na ɗan lokaci, saitin ya koma na asali.

Tashin Windows ba shaidar zama ba ne. Ana barin manhajar gwaji kamar Prime95 ko OCCT tana aiki na awoyi ana kallon zafi a manhajar HWiNFO, a gwada RAM daban da MemTest86, domin injin da bai zauna ba na iya ɓata fayil ba tare da ya nuna alama ba.

Halin da ake ciki

Tun zuwan Turbo Boost a 2008 firosesa ke ƙara wa kanta gudu, ratar da ta rage kaɗan ce. Da yawa sun koma rage wuta don zafi ya ragu. Ana saɓani kan ko ribar ta kai wahalar. Garantin Intel da AMD ba ya ɗaukar ɓarnar da hakan ya jawo.